Rabon Mai Gashi

Ƙaurin nama ne ya tayar da ni daga kan keken ɗinki. Lahadi ce da rana, ban jima da dawowa daga coci ba, na zauna in ƙarasa wata riga da mai ita ta ishe ni da waya, Allah ya yafe mini aikin Lahadi. Ƙamshin gashi daga gidan maƙwabcina ba baƙon abu ba ne, duk mako sai ya ratso mini ta taga. Amma tunda na tare a layin nan ban taɓa jin Baba Hayaƙi ya ƙona nama ba.

Na bi ta 'yar ƙofar da ke jikin katangar da ta raba bayan gidajenmu. Murhun gashinsa, rabin duro a kan ƙafafun ƙarfe da tayoyi biyu, yana ta fitar da baƙin hayaƙi, kitse na ɗiga, wuta na lasar naman. Shi kuwa yana zaune a ƙasa ya jingina da bango, dogon cokalinsa mai yatsu a hannu, gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Baba, lafiya?"

"Janye naman gefe," in ji shi, muryarsa a shaƙe. "Gefen da babu garwashi. Kada ki zuba ruwa."

"Ana ta kai wa yake ta kaya? Tashi mu tafi asibiti."

"Janye tukuna, maƙwabciya."

Na janye, don na san halinsa, ko mala'ika ne ya zo ɗaukarsa sai ya ce ya dakata nama ya huta. Da na juyo neman ruwan da zan ba shi, idona ya faɗa kan dogon teburinsa a ƙarƙashin rumfa. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, kujeru a jere, faranti a kife gaban kowace kujera. Babu kowa a kai, kamar kowace Lahadi.

Baba Hayaƙi tsohon mai walda ne, shi ya haɗa murhun nan da hannunsa tun yana da ƙarfi. Matarsa ta rasu kafin in zo layin, 'yarsa tilo kuma tana aikin jinya a wata ƙasa mai nisa, sai dai waya. Sunan da muke kiransa da shi ya danne na gaskiya, har shi kansa da shi yake amsawa. Gashinsa kuwa ba na gaggawa ba ne. Ba ya ɗora nama sai harshen wuta ya mutu, garwashi ya yi farin gashi na toka. Da bayan hannu yake auna zafi, sau ɗaya yake juya yanka, gishiri sai a ƙarshe. In ka ce masa yunwa kake ji, sai ya ce yunwa ba ta taɓa nunar da nama ba.

Abin da aka fi saninsa da shi bayan gashi shi ne yawon coci. Babu majami'ar da ke garin da ba ta ga tayoyin murhun nan ba. Ya zauna a babbar nan mai lasifika, inda ake jin wa'azi tun daga tashar mota. Ya koma wata ƙarama a saman kantin taya, inda ake addu'a har murya ta dishe. Ya je tsohuwar nan mai ƙararrawa, ya je wurin wasu masu taruwa a falon wani gida, waɗanda suka ce duk sauran sun ɓata. Ya zo tamu ma. Ko'ina ya je, ba a daɗewa sai ya karɓi aikin gashi na ranar zumunta, mutane su ci su lashe yatsu, a ce Allah ya kawo wa ikilisiya albarka. Sai wata rana kawai a ga ya turo murhunsa ya nufi gida, taya ɗaya na ƙara, ba faɗa ba sallama. In aka tambaye shi sai ya ce, "Ina neman inda Almasihu yake ne, ban same shi a nan ba."

Wannan magana ta ɓata wa mutane rai, ni ma har da ni. Ni dai cocin da ya fi kusa da gida nake zuwa, saboda gwiwata, kuma ban ga Allah ya yi mini ƙorafi ba. Aka ce tsohon ya cika tsirfa, aka ce girman kai ne. Daga baya ya daina zuwa ko'ina. Duk Lahadi sai ya karanta Littafinsa shi kaɗai da safe, ya hura gawayi, ya shirya tebur, ya buɗe ƙofar gida. Mutanen layi kuwa ba sa ƙin naman. Matar direba ta miƙo kwano ta ƙofa, mai kanti ya zo da nasa a tsaye, ni ta 'yar ƙofar katanga. Kowa ya karɓa ya yi godiya, ya koma gaban talabijin ɗinsa.

A asibiti suka ce ƙari ne a maƙogwaro, kuma ya yi nisa. Ashe ya daɗe ba ya iya haɗiye abu mai ƙarfi, ya yi shiru da bakinsa. Suka riƙe shi 'yan kwanaki, suka sallamo shi da magungunan rage zafi. 'Yarsa ta yi kuka a waya, ta ce ta nemi hutu ba su ba ta ba tukuna, ta roƙe ni in riƙa leƙa shi. Tun kafin ta roƙa ma na riga na ɗauko kekena na ajiye a falonsa. Ni ma ba wanda nake bari a gida. Mijina ya riga mu gidan gaskiya, yara kowa ya kama gabansa, ɗinki a nan ko a can duk ɗaya ne.

Ɗakinsa babu tarkace. Gado, kujera, hoton matarsa a bango tana dariya da haƙorinta mai wushirya, da Littafi Mai Tsarki wanda gefen shafukansa ya yi baƙi saboda yatsun gawayi. Romo nake tace masa, in ba shi da ƙaramin cokali, rabi ya shiga rabi ya dawo. Yana ramewa a gaban idona, abin yana ci mini rai, sai in huce a kan allura.

Ni na je na gaya wa fastonmu. Mutumin kirki ne, ba shi da hayaniya. Ya zo wata Alhamis da hantsi da 'yar jakarsa ta jibin Ubangiji, ya zauna a bakin gado.

"Sannu da jiki, Baba."

"Yauwa, Fasto. Ya iyali? Ya ikilisiya?"

"Suna gaishe ka. Har yau ana maganar namanka." Fasto ya juya jakar a cinyarsa. "Baba, tun da ka bar mu nake son in tambaye ka. Me muka yi maka?"

"Ba ku yi mini komai ba."

"To, in akwai wanda ya saɓa maka, ka faɗa, mu nemi gafara."

"Na ce ba ku yi komai ba, ɗana. Komai ba ku yi ba."

Fasto ya buɗe jakar, ya ce ya kawo masa gurasa da ƙoƙo, in ya yarda, ko jiƙa gurasar ne sai a yi don ta wuce. Baba ya dubi kayan ya daɗe. Sannan ya ɗora hannu a kan hannun Fasto ya rufe jakar a hankali.

"Ka yi mini addu'a dai. Wannan na 'yan gida ne, ni kuwa ban san gidana ba tukuna."

Fasto ya yi addu'a, na raka shi ƙofa, kunya duk ta rufe ni. Da na dawo ban zauna ba.

"Baba, yau dai sai ka gaya mini. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutum ya taso ya kawo maka jibin Ubangiji har gado, ka mayar da shi. Wai me kake nema da duk majami'un garin nan suka rasa?"

Ya nuna mini kujera. Magana tana yi masa wuya, yana yi yana hutawa, ni kuma na kama bakina da ƙyar.

"Mahaifina ne ya koya mini wuta," in ji shi. "Ya ce mai gashi ba ya miƙa hannu cikin murhunsa. Ko ɗanɗano. Ya raba wa kowa, ya tsaya. Sai wani cikin waɗanda suka zauna ya ɗebo daga farantinsa ya ce, mai gashi, zo ka ci. Shi ne rabonsa. In ba a ce ba, ya wanke ragarsa ya tafi da yunwarsa."

"To?"

"A gidanmu ba a taɓa mantawa ba. Wata rana mahaifiyata, wata rana autanmu. Da na yi aure, ita ce." Ya ɗaga ido ga hoton. "Ko taron mutum nawa ne, sai in ji muryarta daga can cikin mata. Mai gashi, zo ka ci. Da ta tafi, aka yi zumunta a cocinmu na dā, na gasa kamar kullum. Aka ci, aka yi godiya, har tafa mini aka yi. Na tsaya a bakin murhu har aka kwashe kujeru."

Ya yi tari, na riƙe masa kofi har ya lafa.

"Sai na ce a raina, inda Almasihu yake da gaske, wani zai juyo ya ga wanda ke tsaye. Ba sai an gaya masa ba. Na je wata majami'ar. Na je wata."

"Tsaya, Baba. Wato duk shekarun nan kana gasa nama ba ka ci?"

"Ina cin abin da na dafa a tukunya. Na murhu, tun da ta rasu bai taɓa bakina ba."

Na tuna kaina a ranar zumuntar cocinmu, na cika faranti ina santi, shi yana can cikin hayaƙi yana mana murmushi. Tausayi ya kama ni, amma haushi ya riga shi fita.

"Wato jarrabawa ka shirya wa bayin Allah, ka ɓoye tambayar a aljihu. Wa ya san dokar gidanku? Kowa ɗauka yake mai gashi ya ƙoshi tun a bakin wuta. Wa ya taɓa jin mahauci da kwaɗayin nama? Da ka buɗe baki sau ɗaya, da faranti goma aka kawo maka."

"Abin da aka roƙa ba kyauta ba ne."

"Haka ne? Kai ne mai karatu, ni tela ce, amma ina zuwa coci da kunnena. Da Ubangiji ya tashi daga matattu ya shigo wurin mutanensa, suna ta kallonsa baki buɗe, wa ya tuna ya ba shi abinci? Babu ko ɗaya. Shi ya tambaya da bakinsa ko akwai abin ci, sannan aka miƙa masa gasasshen kifi. Shi bai ji kunyar tambaya ba, sai kai?"

Ya juya fuskarsa ga bango, ya ja bargo. Na san maganar ta yi tsauri ga mai jinya, amma ban janye ta ba, na koma kan kekena na yi ta ɗinki har na karya allura.

Washegari ban ji daga bakinsa ba sai sannu da na gode. Ranar Asabar da rana ina gyara masa matashi, ya kama hannun rigata.

"Gobe ki hura mini wutar nan."

"Ni? Ban iya ba."

"Zan gaya miki. Ki sayo haƙarƙari, kada ki bari mahauci ya cire kitsen. Abin da na faɗa miki kuma, kada ki gaya wa kowa."

Na sayo naman, na bi layi gida gida na ce gobe Baba na gayyatar kowa, kuma zama za a yi, ba karɓa a tafi ba. Kowa ya ce in Allah ya yarda. Da Lahadi ta zo, na dawo coci da wuri na shimfiɗa farin ƙyallen, na kife faranti gaban kowace kujera, na buɗe ƙofar gida. Fasto ya tafi wani ƙauye yin baftisma. Mai kanti ya ce babu mai tsare masa kanti. Matar direba ta leƙo da kwanonta, ta ce baƙi ta yi, in ajiye mata nata. Sauran ko leƙowa ba su yi ba, wataƙila ba sa son ganin yadda ya koma, mutane suna tsoron fuskar mai tafiya.

Na fito da shi yana dafa kafaɗata, ba shi da nauyin kirki. Ya nufi wajen murhu bisa sabo, ƙafarsa ta ƙi. Na ja masa kujera a kan teburin, ya tsaya yana kallonta kamar ta wani ce, sannan ya zauna. Ranar na fara ganin Baba Hayaƙi a zaune a teburinsa.

"Gawayin ya yi yawa a tsakiya, baje shi," in ji shi. "Daina fifita, ba ƙarfe za ki narka ba."

"Ai na ce maka ban iya ba."

"Sa bayan hannunki. In kin iya yin addu'ar cin abinci kafin ki janye, ya yi."

Na ɗora naman. Hayaƙi ya shiga idona, kitse ya fantsamo mini a hannu, na kai cokali zan juya ya ce in bari, na sake kaiwa ya sake cewa in bari. Sai da raina ya kusa fita sannan ya ɗaga yatsa. Na juya, na barbaɗa gishiri, na janye gefe ya huta kamar yadda na sha ganin yana yi. Duk wannan lokacin ina satar kallon ƙofa, shi ma yana yi. Mota ta wuce, wani kare ya leƙo ya koma. Ba wanda ya shigo.

Na yanka wuri mai laushi na sa masa a faranti, na koma bakin murhu don in kwashe sauran. Ina cikin yi na ji muryarsa a bayana, ƙasa ƙasa.

"Mai gashi."

Na juyo. Ya ɗago yankan naman da yatsunsa.

"Zo ki ci."

Na ajiye cokalin na zo na zauna kusa da shi. Na karɓa na ci, hawaye na zuba, ban ma damu in share ba. Ya zuba mini ido har na haɗiye. Sannan ya dubi farantin, ya dubi hannuwansa, leɓɓansa suka motsa ba sauti, kamar mai koyon wani yare.

"Maƙwabciya," in ji shi. "Ko akwai ɗan abin da zan ci?"

Na ciro wani siririn zare daga tsakiyar naman, inda ya fi ruwa, na murje shi da yatsu na sa masa a harshe. Ya rufe ido. Bai iya haɗiyewa ba, ya riƙe shi a baki yana tsotsa, ya daɗe a haka, iska na kaɗa gefen ƙyallen teburin.

"Gishiri ya yi yawa," in ji shi.

"Ka yi haƙuri da shi, sabon hannu ne."

Ya yi 'yar dariya wadda ta koma tari. Da ta lafa ya ce in gaya wa Fasto, in ya dawo ya zo da jakar nan tasa. Muka ci gaba da zama mu biyu a kan dogon teburin, har garwashi ya mutu.

Fasto ya zo ranar Litinin, ya jiƙa gurasa ya ba shi. Ranar Talata da hantsi ina ɗinki a falo, na ji ɗakin ya yi shiru fiye da kullum. Na shiga na same shi ya juya wajen hoton, ya riga ya tafi.

Cocinmu ya cika ranar jana'iza, har da mutanen majami'un da ya bari. Duk wanda ya tashi magana sai ya ambaci naman, aka yi ta dariya cikin kuka. Bayan an dawo daga maƙabarta aka raba biskit da lemo. 'Yarsa ta iso daren jajibirin binnewa. Da mutane suka watse, muka tsaya ni da ita a bayan gida, ta shafa murfin murhun.

"Mama, bayan mahaifiyata ta rasu, wa yake kiransa ya ci?"

"Ya ci kafin ya tafi," na ce mata.

Ta gyaɗa kai. Ta ce gidan za a sayar, murhun kuwa in ina so in ɗauka, don ba ta da inda za ta kai shi. Na turo shi ta 'yar ƙofar katanga, ya shiga da ƙyar, tayar nan ɗaya tana ƙararta.

Lahadin da ta biyo baya na dawo daga coci ban taɓa keke ba. Na hura gawayi, na jira ya yi toka, na auna da bayan hannu. Teburina ƙarami ne, kujeru biyu kawai yake ɗauka, na kife faranti gaban kowace, na buɗe ƙofar gida. Sau ɗaya na juya naman, na rage gishiri. Ya nuna, na janye shi gefe. Hayaƙi yana tashi a hankali yana tsallaka katanga zuwa gidan da aka kulle, ni kuma ina tsaye da dogon cokalin a hannu, ina kallon ƙofa.